Yadda ake sassaƙa baka da hannu, daga saran itace zuwa ɗaura tsirkiya

Baka itace ne da ake so ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai bai karye ba. Idan aka ja tsirkiya, gefen da ke fuskantar abin harbi, wato bayan baka, miƙewa yake yi, shi kuwa gefen da ke fuskantar maharbi, wato cikin baka, matsewa yake yi. Cikin yana iya ɗan yin rauni ya ci gaba da aiki, amma da zarar jijiyoyin baya sun tsinke, karyewa ce nan take. Don haka ba a sa kaifi a bayan baka. Yadda ya fito daga ƙarƙashin ɓawo haka ake barinsa, da tudunsa da lotsawarsa, duk ragin da za a yi kuma daga ciki da gefe ake yinsa, kaɗan-kaɗan.

Bakan da za a bayyana a nan shi ne irin na maharbanmu na Kabi da Zuru da Yawuri: itace guda ba haɗi, mai kauri a tsakiya, yana sirancewa zuwa kawunansa biyu, da tsirkiyar fata. Wanda ke kusa da Argungu ya daure ya shiga gidan tarihi na Kanta, ya tsaya wurin kayan yaƙin da aka ajiye, ya dubi tsofaffin bakuna da kyau, musamman yadda kaurinsu ke raguwa daga tsakiya zuwa kai. Hakan zai sa awon da ke tafe ya zauna masa a ido.

Itacen da ya dace

Ɗunɗu ne kan gaba. Shi ne ɗan itacen nan mai ƙaya da furensa ke reto, rabi ruwan hoda rabi rawaya, mai murɗaɗɗun 'ya'ya da awaki ke so. Yana da nauyi da tauri, yana lanƙwasa ya dawo, gara ma ba ta cika damunsa ba. Wahalarsa ɗaya ce, da wuya ka sami miƙaƙƙe mai tsawon da kake buƙata, sai ka duba inda ya fito a cunkushe yana neman rana. Dargaza, wadda ake jiƙa ɓawonta don yauƙi, ita ma itacen baka ce ta gaske, ta fi ɗunɗu sauƙin sassaƙa, kuma ita ta fi dacewa da mai koyo. Ana yi da aduwa da magarya idan an sami reshe mai kyau. A kudancin jihar Kabi, inda gora ke fitowa a bakin rafi, gindin gorar da ta ƙosa yana ba da baka mai sauƙin aiki, sai dai a nan fatar gorar ce bayan baka, kuma ba a goge gaɓoɓinta ta waje. Gawo, rimi, kuka da zogale ba su da amfani a wannan aiki, taushi ya yi musu yawa. Itacen turare yana murɗewa yana tsagewa wajen bushewa. Dogonyaro zai yi bakan yaro na koyon hannu, iyakarsa ke nan.

Idan ka sami itacen da ba ka san halinsa ba, gwada shi kafin ka ɓata wata guda a kansa. Yanki reshe mai kaurin babban yatsa, ka bar shi ya bushe, ka lanƙwasa shi a gwiwa. Wanda ya karye ɓas, bakin karayar sumul, rabu da shi. Wanda ya yi gardama, sannan ya tsage dogo-dogo jijiyoyinsa na riƙe da juna, shi ake nema. Gwaji na biyu na nauyi ne: busasshen guntu mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, tsawon santimita 20, ka tsayar da shi cikin gorar ruwa. In santimita 14 ko fiye suka nutse, itacen yana da nauyin da zai yi baka siriri. In rabi kawai ya nutse, sai an yi bakan da faɗi da tsawo sosai.

Sandar da za ka sara ta kai santimita 175 zuwa 180, kaurinta a gindi santimita 5 zuwa 7, a kai kuma kada ya gaza 3 da rabi. Zagaya ta kafin ka ɗaga gatari. Ka bi tsagin ɓawon da ido daga ƙasa zuwa sama: in yana tafiya a miƙe, jijiyoyin ciki ma a miƙe suke, in kuwa yana zagaya sandar, itacen murɗaɗɗe ne, kuma ba abin da zai gyara shi. Ana son aƙalla gefe ɗaya da ba shi da ido, wato gurbin da reshe ya fito, ba tabon wuta, ba ramin ƙwaro. Sari sanduna biyu ko uku a tafiya ɗaya, domin ba duka za su tsira daga bushewa ba. Ka nemi izinin mai gona, ka bar gandun daji na hukuma. Halin da dazuka ke ciki a 'yan shekarun nan kuwa, musamman ta iyakar Zamfara da Neja, kowa ya san shi. Ɗunɗun shingen gona da na bakin burtali ya wadatar, ba sai an yi nisa da gari ba.

Bushewa

A nan ne yawancin itace ke lalacewa tun kafin a fara aiki. Lokacin sara mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar damina, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwan jikin itace ya ragu. Amma wannan lokaci shi ne bakin hunturu, iskar hunturu kuwa tana busar da wajen itace cikinsa na ɗanye, sai wajen ya tsuke, cikin ya ƙi, itacen ya tsage. Tsagewar daga kawuna take farawa, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita. Saboda haka ranar da ka sara, kafin ka kwanta, ka toshe kawunan biyu da narkakken kakin zuma, ko farin gam na kafinta, ko fentin mai, har santimita 5 daga baki, da duk inda ka datse reshe.

Hanya biyu ce daga nan. Ta farko, a bar sandar da ɓawonta a kwance a kan rufin ɗaki ta ciki ko a kan maratayi, inda ba rana ba zafin murhu, wata shida zuwa shekara. Ba ta da wahala, amma ƙwaro na son shiga ƙarƙashin ɓawo, sai ana dubawa. Duk sandar da ka ga garin itace na zubowa daga ƙananan huji a bayanta ta tashi daga aiki. Ta biyu ta fi sauri, kuma ita ta fi: a ɓare ɓawon tun itacen na ɗanye, a sassaƙe cikin a rage shi ya kusa siffar baka, a bar kaurin kamar santimita 3 da rabi a tsakiya da 2 a kawuna, a shafa wa bayan man kaɗe ko gam da aka sirka da ruwa, sannan a ɗaure shi tamau a jikin miƙaƙƙen katako ko azara a wuri huɗu ko biyar don kada ya karkace. Makon farko a lulluɓe shi da buhu a ƙuryar ɗaki don bushewar ta tafi a hankali. Haka zai bushe cikin mako huɗu zuwa shida.

Wajen ɓare ɓawo a yi hattara, domin abin da ke ƙarƙashinsa shi ne bayan bakan. Ɗanyen ɓawo da hannu ake jansa, ko a tura shi da bayan wuƙa. Busasshe kuwa sai a kankare shi da dakusasshiyar wuƙa har a iso wata 'yar fata mai ruwan ƙasa, a tsaya nan, a goge ragowar da jiƙaƙƙen tsumma. Ko da ta ƙi fita duka, barinta ya fi a yanki farin itacen.

Hannu ba ya gane bushewa, sikeli ne ke ganewa. Auna sandar duk bayan kwana uku ka rubuta. Idan nauyin ya tsaya wuri ɗaya har mako guda, ta bushe daidai da iskar wurin. Itacen da aka lanƙwasa da sauran danshi ba zai karye ba, amma zai sage, ya ƙi komawa miƙe, ƙarfinsa ya tafi har abada. Wanda hunturu ya busar ƙayau kuma yana iya fashewa ba gargaɗi. In aikinka ya faɗo a Janairu ko Fabrairu, ajiye sandar kwana biyu ko uku a ɗakin da randar ruwa take kafin ka fara lanƙwasa ta.

Zane da sassaƙa

Kayan aikin ba su da yawa: gizago mai kaifi, wuƙa, magagari, fasasshiyar kwalba ko guntun ƙarfe mai kaifin gefe don kankara, samfefa, tef ɗin awo, fensir, zare, da sikeli mai ƙugiya irin na masu sayen kifi ko 'yan gwangwan.

Fara da tsawo. Tsawon baka yana bin tsawon jan mai shi. Miƙa hannun hagu ka dunƙule, a auna daga gaban dunƙulen zuwa gefen bakinka. Ga yawancin manya zai kama santimita 62 zuwa 68. Ninka wannan sau biyu ka ƙara 25. Mai jan 65 ke nan bakansa 155 ne, wanda in ya tsayar da shi a ƙasa zai kai masa wajen haɓa ko hanci. Gajeren baka yana da daɗin shiga sarƙaƙiya, amma kowace santimita da ka rage nauyi ce ka ɗora wa sauran itacen. Mai koyo ya ƙara tsawo, kada ya rage.

Gindin itacen shi zai zama ƙasan baka. Gefen da ya fi tsabta shi ne baya, in kuma aka yi dace sandar tana da ɗan lanƙwasa ta yadda kawunan ke kallon gaba, nesa da maharbi, to madalla. Kwantar da ita bayan na sama, ka ja zare daga kai zuwa kai. Zaren ya ratsa ta tsakiyar sandar inda hannu zai riƙe. In ya kauce da fiye da santimita 1, sai an gyara da wuta. Daga nan ka ja layin tsakiya da fensir, ba tare da dannawa ba. Wannan layi ba zaren zai bi ba, jijiyar itacen zai bi. Inda ta ɗan karkata ta zagaye ido, layin ma ya karkata. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi a kan itacen da ba miƙaƙƙe ba zai yanke jijiyoyin gefe, nan ne kuma sartse zai ɗago.

Sa alama a tsakiyar tsawon. Mariƙi santimita 12 ne, 5 sama da alamar, 7 ƙasa da ita, kibiya kuma ta saman dunƙulen hannu za ta bi. Ga itace mai nauyi irin ɗunɗu ko dargaza, awon farawa shi ne: a mariƙi faɗi santimita 3, kauri 2 da rabi, a tsakiyar kowane ɓari, wato daga mariƙi zuwa kai, faɗi 2 da rabi, kauri 2, a kai faɗi 1 da rabi, kauri 1.3. Faɗin daga layin tsakiya ake auna shi, rabi hagu rabi dama. Kaurin kuwa daga baya ake auna shi a kowane wuri, yana hawa tudu yana sauka tare da bayan. Duk inda ido yake, bar ƙarin milimita 3 ko 4 a faɗi da kauri, kada kuma ka sare tudun idon ta baya don kyan gani. Tsofaffin bakuna da yawa mulmulallu ne, kuma suna aiki domin ba a jansu da nisa. Wanda zai ja har bakinsa ya sa faɗi ya ɗan fi kauri, cikin ya zama mai ɗan faɗi, don matsin ya bazu.

Gizago daga mariƙi zuwa kai yake tafiya, sara ƙanana. In ka ji bakin yana nutsewa yana ɗago itace fiye da yadda ka nufa, juya sandar ka biyo ta ɗaya gefen. Ajiye gizago saura milimita 3 ko 4 ka kai layi, ka ƙarasa da wuƙa da magagari. Kowace kusurwa a goge ta ta yi sumul, har da gefen baya, domin daga kusurwa mai kaifi sartse ke tashi.

In akwai karkata, yanzu ne lokacin gyara ta. Shafa man kaɗe a wurin, ka riƙe shi sama da garwashi, ba harshen wuta ba, tazarar kamar taƙi guda, kana juyawa ta ciki da gefe, minti biyar zuwa goma, har ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba. Sa shi a tsakanin rassan itace biyu ka danna ya ɗan wuce inda kake so, domin zai ɗan dawo, ka riƙe har ya huce. Bayan baka kada ya ga wuta, ƙuna a nan karaya ce. Bayan an gasa shi a ba shi kwana biyu ko uku ya sha iska kafin a lanƙwasa shi. Kawunan nan masu komawa gaba da ake gani a wasu bakunan maharba da wuta ake yinsu, suna ƙara wa kibiya gudu, amma suna ƙara wa itacen wahala. A bar su sai hannu ya faɗa.

Wurin zaman tsirkiya santimita 2 zuwa 2 da rabi ne daga kowane kai. Yi gurbi a gefe biyu da ƙaramin magagari, zurfin milimita 2 zuwa 3, a karkace yana gangarowa ta ciki. Kada gurbin ya ratsa baya. Wasu suna huda kai ɗaya da jan ƙarfe su zura tsirkiyar. Hakan na yi, amma huji na raunana siririn kai, dole a naɗe ƙasansa da jijiyar dabba ko ɗanyar fata.

Daidaita lanƙwasa

Wannan shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ya fi cin lokaci. Abin da ake so shi ne kowane sashe na itacen ya ɗauki rabonsa na lanƙwasa, kada wani wuri ya yi aikin maƙwabcinsa. Akwai lissafin da ya kamata ya zauna maka. In ka rage faɗi da rabi, ƙarfi ya ragu da rabi. In ka rage kauri da rabi, ƙarfin kashi ɗaya cikin takwas ne zai saura. Milimita guda da ka kankare daga wuri mai kaurin milimita 20 ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfin wurin. Shi ya sa daga nan ba gizago, ba sassaƙa da wuƙa, sai kankara.

Ka tsai da shawarar ƙarfin da kake so tun yanzu. Ga saurayi mai koyo kilo 12 zuwa 15 ya isa. Ga babba mai ƙarfi 18 zuwa 20. A ɗauka kana neman kilo 18 a jan santimita 65.

Da farko kafa kai ɗaya a ƙasa, riƙe na sama da hannu ɗaya, ka danna mariƙi da ɗayan, kana kallon ɓarin ƙasa. Juya ka gwada ɗayan. Ci gaba da kankare cikin, dogon ja daga mariƙi zuwa kai, adadi ɗaya a kowane ɓari, har kowannensu ya fara ba da kai kamar santimita 8 zuwa 10 ba da wahala ba.

Sai ka haɗa sandar gwaji: katako mai tsawon santimita 85, a fafe samansa yadda mariƙi zai zauna, a yi masa tsaga duk bayan santimita 5, ana aunawa daga bayan bakan, daga 20 har 70. Ɗaura igiya mai ƙarfi wadda tsawonta ya kai na bakan, ta zauna sako-sako. Jingina sandar da bango mai launi ɗaya, wanda ka ja wa layuka a kwance da gawayi. Ja igiyar da sikeli, ka maƙala a tsaga, ka ja da baya taku huɗu ka duba. Ɗaukar hoto da waya yana taimakawa ƙwarai, domin kada baka ya daɗe a ɗame a kan sanda fiye da daƙiƙa goma zuwa sha biyar.

Dokoki biyu ba a karya su. Kada ka taɓa jan bakan ya wuce kilo 18 ɗin da ka nufa, ko da igiyar ba ta yi nisa ba. Kada kuma ka ja ya wuce inda ka fara ganin aibi. Ja ɗaya da ya wuce kima yana murƙushe cikin itacen, kuma abin da ya murƙushe ba ya dawowa.

Siffar da ake nema ita ce ta jinjirin wata, lanƙwasa mai tafiya bai ɗaya, sai dai santimita 12 zuwa 15 na kowane kai su tsaya da ɗan tauri, mariƙi kuma ya motsa kaɗan yadda sai a cikakken ja za ka ji shi a tafin hannu. Aibi iri biyu ne: wurin da ya sandare ya ƙi lanƙwasa, da wurin da ya karye gwiwa, wato ya lanƙwasa fiye da na kusa da shi. In ido ya kasa rarrabewa, sami miƙaƙƙen guntun katako na santimita 15, ka bi cikin bakan da shi yana ɗame, kana duban tazarar da ke tsakanin katakon da itacen. Inda tazarar ta ƙaru, wurin ya yi rauni. Inda ta ɓace, wurin ya yi tauri. Zana fensir a kan mai taurin, ka kankare har zanen ya fita, sau goma ko sha biyar, ba ƙari. Mai raunin kuwa ka yi masa alama kada ƙarfe ya sake taɓa shi, ka rage duk sauran ɓarin har su iso shi, sannan ka rage ɗaya ɓarin ya yi daidai. In raunin ya yi yawa, bakan zai ƙare a kilo 13 ko 14 maimakon 18. Karɓi hakan. Baka mai sauƙi da ya daidaita ya fi mai ƙarfi da ke da gwiwa, domin na biyun ranar karyewarsa kawai ake jira.

Bayan kowace kankara, ja bakan ka saki a hankali sau ashirin zuwa talatin kafin ka sake dubawa. Itace ba ya nuna ragin da aka yi masa nan take. Wanda bai yi wannan ba zai ga kamar ba abin da ya canza, ya ƙara kankara, sai daga baya ramin ya bayyana gaba ɗaya.

Idan kawunan suna saukowa santimita 15 zuwa 18 da doguwar igiya ba tare da an wuce kilo 18 ba, gajarta igiyar ka ɗame bakan, tazarar igiya da mariƙi ta zama santimita 7 ko 8. Hango shi daga kai: igiyar ta raba mariƙi biyu. In ɓari ɗaya yana murɗawa gefe, to yana faɗawa ne ta gefen da ya fi rauni, sai ka kankare ɗaya gefen mai kauri. Mutane da yawa suna yin akasin haka su ƙara ɓata shi. Da komai ya zauna, ɗaga tazarar zuwa santimita 13 ko 15, wato dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe. Auna tazarar igiya da itace a santimita 20 sama da mariƙi da 20 ƙasa da shi: ta sama ta fi ta ƙasa da milimita 3 zuwa 5, domin ɓarin ƙasa ana son ya ɗan fi tauri.

Daga nan tafiya ce ta tsaga ɗaya-ɗaya. Ka ja zuwa 18, ka ga a santimita nawa ya tsaya, ka kankare ko'ina daidai, ka motsa shi, ka sake. Kusa da ƙarshe kowace santimita 2 da rabi ta ja tana ƙara kusan kilo guda. Tsaya lokacin da bakan ke ba da kilo 18 a santimita 62, domin samfefa da harbin farko za su cinye kilo ɗaya ko fiye. In ka gaji ko rana ta faɗi, kwance igiya ka bari sai gobe.

Tsirkiya

Ta gargajiya ɗanyar fata ce wadda ba a jeme ba, ta akuya babba ko ta maraƙi. A jiƙa ta cikin ruwan toka kwana biyu ko uku har gashin ya saki, a kankare gashi da ragowar nama, a wanke sosai. A shimfiɗa, a yanko zare ɗaya dogo ana zagayawa daga gefe zuwa tsakiya, faɗin milimita 6 zuwa 8 in ta akuya ce, a kauce wa fatar ciki da ta hammata don sun yi siriri. Ana buƙatar kamar mita 5, domin ninka shi biyu za a yi. Tun yana jiƙe a rataya shi a reshe cikin inuwa, a ɗaura dutse mai kilo 3 zuwa 5 a ƙasa, a murɗa har ya zama mulmulalle ba rami, a tare dutsen kada ya warware. Kashegari a ƙara murɗi, domin yana saki in yana bushewa. Bayan kwana biyu ko uku a goge shi da kitse ko man kaɗe. Duk inda wuƙa ta ci gefen zaren wajen yanka, nan zai tsinke, don haka a bi shi da yatsa tun kafin murɗi.

Tsirkiyar fata tana saki da damina, tana ɗamewa da hunturu, sai ana gyara ɗaurin. Wanda ba ya son wannan ya sayi zaren da masunta ke saƙa koma da shi, a kasuwar Argungu ko Yawuri, ya haɗa silli da yawa ya murɗa da kakin zuma. Yana da ɗan talewa, yana rage gudun kibiya kaɗan, amma ruwa ba ya damunsa. Kowace iri ce, sai ta iya ɗaukar ninki huɗu na ƙarfin bakan. Rataya silli ɗaya a sikeli ka ja har ya tsinke, ka lissafa nawa za su kai kilo 75 ko 80. Tsirkiyar da ta tsinke ana cikin ja takan tafi da bakan.

A kan sama a yi madauki wanda zai zame a jikin itacen ya faɗa gurbi. A kan ƙasa a zagaya tsirkiyar, a dawo da bakinta a naɗe shi a jikin kansa sau uku ko huɗu, ɗaurin da ja ke ƙara tsukewa amma yana kwantuwa in ana son gyara tsawo. Inda kibiya ke zama da inda yatsu ke kamawa a naɗe da siririn zare kamar santimita 12.

Gamawa da fara harbi

Goge ciki da gefe da samfefa mai laushi har duk sawun magagari ya ɓace. Bayan kuwa shafa ɗaya mai sauƙi ta isa. Ɗumama man kaɗe ka shafa, ka murza da tafin hannu, ka bari ya sha, sau uku ko huɗu cikin mako, sannan ka bi da kakin zuma. Man ba ado ba ne, shi ke rage saurin shiga da fitar danshi tsakanin Agusta da Fabrairu. Mariƙi a naɗe shi da jemammiyar fata.

Kibiyar kyauro mai tsawon santimita 70 zuwa 75 ta dace da wannan baka, nauyinta da ƙarfenta kada ya gaza giram 25. Kibiya marar nauyi ba ta kwashe ƙarfin bakan, ragowar sai ya koma cikin itacen. Sakin tsirkiya ba kibiya kuwa yana iya fasa baka a take, haka ma miƙa shi ga wanda hannunsa ya fi naka tsawo ya ja yadda ya ga dama. Cika buhu da ƙaiƙayi ka danne, ka jingina da katangar da ba ƙofa ba hanya a kusa, ka kori yara da dabbobi, ka fara daga taku goma da rabin ja. Kibiya hamsin na farko a hankali, kana ƙara ja, kana mayar da bakan kan sandar gwaji lokaci-lokaci ka ga ko wani wuri ya canza. A yanayin rashin tsaro da ake ciki, sanar da mai unguwa ko sarkin baka kafin ka riƙa fita da kwari da baka hankali ne.

In an gama harbi a kwance tsirkiya. Bakan da ya kwana a ɗame yana sagewa. A rataye shi ko a kwantar da shi a kan turaku biyu, ba a jingine a lungu ba, ba kuma ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi ba. Lanƙwasar santimita 3 zuwa 4 da ta saura bayan an kwance ba komai ba ce, in ta kai 7 ko 8 to itacen bai bushe ba ko an ja shi fiye da kima. Kafin kowace fita bi bayan da auduga ko tsumma mai gashi: in ya maƙale, sartse ya fara ɗagowa. Ƙarami a gefe ana cusa masa gam a naɗe da jijiya ko zare santimita 3 sama da ƙasa, a bar shi kwana biyu. Siraran layuka da ke ratsa cikin baka a karkace alama ce wurin ya murƙushe, sai a rage ƙarfin sauran ɓarin don a sauƙaƙa masa. Tsagar da ta ratsa baya a kwance, ko ƙarar "ƙas" da aka ji ana cikin ja, ba su da gyara, a cire tsirkiyar a ɗauko sanda ta biyu daga cikin waɗanda aka busar.